Tambaya da Amsa: 'Yar tsuntsuwa ta yi sheƙa a tsakar gida, ga hadari ya taso

Tun da ruwan bana ya sauka, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata wuri guda: tsuntsuwa ta yi sheƙa a gida, hadari na haɗuwa kusan kullum, me za a yi mata? Ga bakwai daga cikinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata mitsitsiyar tsuntsuwa mai siririn baki lanƙwasasshe ta rataya sheƙa a reshen gwaibar tsakar gidanmu. Mijinta kore ne mai ƙyalli, cikinsa rawaya. 'Yata ta duba a waya ta ce sunanta hamingbad, wai kuma ana ɗaura mata lema idan za a yi ruwa. Haka ne?
Maman 'yan biyu, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. 'Yarki ta yi ƙoƙari, amma baƙuwarku ba hamingbad ba ce. Wancan tsuntsun a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa, daga Alaska a can arewa har ƙarshen kudancin Ajantina da Cile. Ya haura iri 300, kuma a cikinsu ne ake da mafi ƙanƙantar tsuntsu a duniya, wanda ke ƙasar Kyuba, nauyinsa wajen giram 2. Ko ɗaya babu a dajin Afirka. Taku ita ce sha-kauci, wadda ta samo sunanta daga zuƙar furen kaucin da ke fitowa a kan bishiyoyi. A Legas akwai ire-irenta da dama, a lambunan gidaje da bakin ruwa, kuma yawancinsu ba su wuce santimita 10 zuwa 14 ba.

Kada a ɗauka gardamar suna kawai muke yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shawarar da aka rubuta don wancan ba duka za ta yi wa wannan daidai ba. Hamingbad ƙoƙo take ginawa buɗaɗɗe a saman reshe, girmansa kamar rabin lemun tsami, don haka idan ana ruwa jikin uwar ne rufin ɗakin: ta kwanta ta baje gashinta, ruwan ya gangare ta bayanta. Ita kaɗai ke gini, ita ke kwanci, ita ke ciyarwa, namiji ba ruwansa. Sha-kauci kuwa 'yar jaka take saƙawa mai rufi, tsawonta bai kai taƙi ba, ta rataye ta a siririn reshe ko waya, ƙofar a gefe can wajen sama, sau da yawa har da 'yar rumfa a kan ƙofar. Da busasshiyar ciyawa da zaren tsirrai da guntayen ganye take yin ta, ta ɗaure da saƙar gizo-gizo, ta shimfiɗe ciki da abu mai laushi irin audugar rimi ko gashin tsuntsu. Tarkacen da za ki ga yana reto a ƙasan sheƙar ba ƙazanta ba ne: yana ɓad da kamarta ta zama kamar sharar da iska ta maƙala, ruwa kuma ta nan yake bi ya ɗiga.

Ƙwai ɗaya ko biyu take yi, da wuya uku. Macen ce ke kwanci, wajen mako biyu, sannan 'ya'yan su yi mako biyu da 'yan kwanaki kafin su fita, a nan ne namijin ke kama mata ciyarwa. Wato daga ƙwai zuwa tashi wata guda ne da ɗoriya. Batun lema kuwa, a'a, kada a ɗaura. Dalilin na cikin amsa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, tawa a jikin tsohuwar wayar lantarki ta yi sheƙa, a bakin barandar shagona. Idan iska ta taso sai in ga sheƙar tana lilo kamar za ta tsinke, ruwan kwano kuma yana zuba daf da ita. Na yi niyyar in lulluɓe ta da leda ko in mayar da ita cikin baranda. Wanne ya fi?
Wani tela, Idi-Araba

AMSA: Ko ɗaya, ɗan'uwa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Mu fara da matsarwa. Tsuntsuwa da wurin da ta rataye sheƙarta take gane ta. Idan ka ɗauke ta ka kai inda ba nan ta bar ta ba, ko da taku uku ne, za ta yi ta kewaya tsohon wurin tana kuka, kafin ta gano sabon ƙwai ya huce, wani lokacin ma ba za ta gano ba sam. Leda kuma illa uku gare ta. Tana kaɗawa tana ƙara a iska, uwar ta tsorata ta ƙi shiga a daidai lokacin da aka fi bukatarta a ciki. Tana tare iska kamar tanti, sai nauyin da ke kan maratayar sheƙar ya ninka, abin da kake gudu ya faru. Idan rana ta fito kuma ta riƙe zafi da gumi, cikin sheƙar ya zama tukunya. Lema ma haka take, har ta fi, domin iska ɗaya za ta fizge ta ta tafi da reshen gaba ɗaya.

Lilon da kake gani shi ne ƙarfin sheƙar. Saƙar gizo-gizo tana miƙewa ta dawo, abin da ke bin iska kuma ya fi abin da ke turjiya daɗewa. Ruwan da ke saukowa daga sama kai tsaye ba kasafai yake cutar da ita ba. Abin da ke kashe sheƙa a gidajen Legas abubuwa ne na ginin mutum, su ne kuma ya kamata ka sa wa hannu.

Na farko shi ne wanda ka ambata da bakinka, ruwan kwano. Rufi mai faɗin mita 5 da tsawon mita 6, idan aka yi ruwa na milimita 20, ya tara lita 600, jarka 24 ke nan ta lita 25. Idan indararo ya toshe ko ya karye, ruwan nan ya taru yana zuba ta wuri ɗaya, ba sheƙar da za ta jure. Ka tsaya ka kalli inda yake faɗuwa lokacin da ake ruwan, ba bayan an ɗauke ba, domin iska na karkatar da shi. Ka kwashe ganye da ledojin da suka toshe indararon, ko ka ƙara guntun kwano ko rabin bututun roba da zai kai ruwan aƙalla mita guda nesa da sheƙar.

Na biyu wayar kanta. Kafin komai ka tabbata babu wuta a jikinta, mai gyaran lantarki ya gwada, kada ka amince da cewa ai tsohuwa ce. In ta mutu, ka kafe ta a wuri biyu, hagu da dama, kowanne kamar kamu ɗaya daga sheƙar, da ƙusa lanƙwasasshiya ko igiya. So ake wayar ta daina bulala, sheƙar ta ci gaba da 'yar lilonta. Na uku abubuwan da ke kusa da za su iya dukanta: kayan shanya, labule, allon talla mai reto, busasshen ganyen ayaba ko kwakwa da ke shirin faɗowa. Wanda sheƙarsa ke kan bishiya ya tokare babban reshen da sanda mai gwafa, ya sa tsumma tsakanin gwafar da reshen, ya bar ɗan siririn da sheƙar ke jiki. Kada a yi wa bishiyar aski sai 'ya'yan sun tashi, ganyen da ke sama shi ne lemarta ta gaskiya.

Ka kuma san irin ruwan da ke zuwa. Hadarin farkon damina, na Maris zuwa Mayu, da na ƙarshenta a Oktoba, yawanci daga gabas yake tasowa, iska mai ƙarfi ta riga ruwan isowa, a yi tsawa, cikin awa ɗaya ko biyu a ɗauke. Wannan shi ke karya reshe. Na Yuni da Yuli kuwa, lokacin da ruwan Legas ya fi yawa, iskar teku ce daga kudu maso yamma ke kawo shi, ba ya da fushi sosai amma yana iya wuni ya kwana. Wannan sanyi da yunwa yake jawo wa tsuntsu. Hukumar NiMet na fitar da hasashen yanayi, ana samunsa a rediyo da waya. Duk gyaran da za ka yi, ka yi shi da safe rana na waje, ba sa'ad da gari ya riga ya yi baƙi ba.

Idan duk da haka feshin ruwa na shiga ta ƙofar sheƙar, to a nan kaɗai muke yarda da kariya. Ka sami abu mai tauri da ba ya kaɗawa, kamar murfin bokiti ko guntun katako, ka kafe shi a bango ko ginshiƙi, ba a jikin wayar ba. Ya kasance sama da sheƙar da rabin mita ko fiye, a karkace ta ɓangaren da feshin ke zuwa, kada ya tare hanyar da uwar ke bi ta shiga. Ka jira ta fita kiwo, ka gama cikin minti 5, ka ja da baya. In rabin awa ta wuce tana zuwa tana juyawa ba ta shiga ba, cire shi. Gara feshi da uwa a ciki da busasshiyar sheƙa babu kowa.

TAMBAYA: An kwana ana ruwa, da safe na leƙa ban ga uwar ba, na sa yatsa na ji ƙwai biyu da sanyi. Sun mutu ne? In kai su cikin ɗaki in sa a auduga kusa da fitila?
Ɗalibi, Obalende

AMSA: Ɗana, ka fitar da yatsanka, ka kuma bar ƙwan inda suke. Tsuntsuwar da ta kwana tana ɗumama ƙwai cikin ruwa ta ƙone abin da ke cikinta, gari na wayewa dole ta fita neman abinci, kuma ta kan yi ta fita tana dawowa wuni guda. Zuwanka ma kansa na iya zama abin da ya hana ta komawa, tana can kan reshe tana kallonka. Ɗan da ke cikin ƙwai ya fi yadda ake zato juriya, musamman a kwanakin farko: idan ya huce girmansa ne ke tsayawa, uwa ta dawo ya ci gaba, sai dai ƙyanƙyasar ta ƙara kwana ɗaya ko biyu. Fitila da auduga kuwa kashe shi za su yi. Ƙwan na bukatar zafi tsayayye da bai kai digiri 40 ba, da danshi, da juyi a kai a kai, ga ɓawonsa ko farce na iya fasa shi. A ce ma ya ƙyanƙyashe, ba ka da abin ba shi.

Ka zauna nesa, taku goma ko ta bayan taga, ka zuba wa ƙofar ido awa ɗaya cur ba tare da duba waya ba, domin shigarta ƙiftawar ido ce. Da magariba ka sake dubawa daga nesa, galibi za ka hango ɗan bakinta ya leƙo ta ƙofa. Sai an yi kwana biyu ba a gan ta ba dare da rana, ko an wuce mako uku ba a ƙyanƙyashe ba, za a ce sheƙar ta mutu.

TAMBAYA: Ranar da aka yi iskar nan reshen mangwaronmu ya karye, muka tsinci sheƙar a ƙasa da 'ya'ya biyu tsirara, sun jiƙe. Surukata ta ce tunda mun taɓa su uwar ba za ta karɓe su ba. Na ɗiga musu ruwa na ba su koko, kafin la'asar duka sun mutu. Ina kuskurena, don gaba?
Wata uwargida, Mile 12

AMSA: Allah ya ba ki ladan niyya, 'yar'uwa. Tun da kin nemi a faɗa miki gaskiya: sanyi ne ya fara kama su, ruwan da kokon suka ƙarasa. Maganar Mama kuwa, da girmamawa, magana ce da ta yaɗu ko'ina amma ba haka abin yake ba. Tsuntsuwa ba ta ƙin ɗanta don ƙanshin hannun mutum. Abin da ke korar ta shi ne taron jama'a da hayaniya a gindin sheƙa.

Abin da ake fara yi shi ne ɗumi, kafin komai. Jikin tsuntsu ya fi namu zafi, yana kai digiri 40 zuwa sama, ɗan da bai yi gashi ba kuma ba ya iya riƙe zafin kansa. A tsane shi a hankali da tsumma mai laushi, dannawa ake yi ba gogawa ba. Kada a yi amfani da tawul mai zare-zare, faratansa na sarƙewa a ciki. A sa shi a tafin hannu a rufe da ɗayan, ko a ƙaramin kwali mai huji, a ajiye gorar ruwan ɗumi a gefe an naɗe ta da ƙyalle. A gwada gorar a cikin damtse: in ta yi wa fatarki zafi, ta yi masa yawa. Ba a kai shi kusa da murhu ko kurfoti, ba a shanya shi a rana. A rufe kwalin ya yi duhu, a hana yara buɗewa. Cikin minti 20 zuwa 30 wanda zai rayu zai fara motsi, ya ɗaga kai ya buɗe baki.

Ba a ba ɗan tsuntsu mai sanyi komai, domin cikinsa ba ya aiki sai ya ɗumama. Ba a kuma ɗiga masa ruwa a baki ko kaɗan: ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe a buɗe, ɗigo ɗaya ya isa ya gangara huhu. Koko, madara, burodi, shinkafa, gero, duka ba abincinsa ba ne. Iyayen da kike gani suna shan fure, ƙananan ƙwari da gizo-gizo suke ɗura wa 'ya'yansu, don da su ake gina nama da gashi.

Daga nan sai mayar da sheƙar, kuma da an ɗauke ruwa ake yi, ba a jira gobe. In jakar ba ta yage ba, a matse ruwanta a hankali tsakanin tsumma biyu, a zura zare mai ƙarfi da allura ta samanta, inda ta fi kauri, sau uku ko huɗu, a ɗaure a reshe mafi kusa da inda take, a tsayi ɗaya, ƙarƙashin ganye, ƙofar tana kallon inda take kallo da. A datse duk wani saura na zare, domin madauki ɗaya na iya shaƙe uwar ko ya kama ƙafar ɗa. In ma guntun reshen da take jiki bai rabu da ita ba, ya fi sauƙi: a ɗaure shi dungurungum a jikin wani reshen. In ta wargaje, a yi mata madadi da ƙafar safa ta auduga, a yanke ƙofa a gefe mai faɗin yatsa biyu, a zuba ragowar shimfiɗar tsohuwar sheƙar a ciki. Ƙaramin kwando ma ya yi. Gwangwani ko kofin roba ba su yi ba sai an huda gindinsu da kyau, in ba haka ba ruwa na gaba zai mayar da su rijiya.

A sa 'ya'yan, kowa ya bar wurin, mutum ɗaya ya yi gadi daga nesa awa biyu. Kukan 'ya'yan ne ke kiran iyayen, shi ya sa ɗumin ya zama na farko: ɗan da ya sandare ba ya kuka. Idan dare ya riga ya yi, su kwana a kwali da gorar ɗumi, a riƙa canja ruwanta, a fitar da su da hasken asuba.

In iyayen ba su dawo ba fa? Ba za mu yi miki daɗin baki ba, renon ɗan sha-kauci da hannu abu ne mai wuya, kuma mafi yawa ba sa kai labari. Ciyarwa ce duk bayan minti 20 zuwa 30 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da ƙananan ƙwari masu taushi ko shinge da aka cire wa fiffike aka farfasa, a kan tsinken da aka dakushe, sai ya buɗe baki da kansa. Kafin a samo ƙwarin, ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka dama da ruwa kaɗan na iya riƙe shi na wasu awoyi. A nemi likitan dabbobi, ko a tuntuɓi gidauniyar kare muhalli ta NCF da ke da cibiya a Lekki, a tambaye su wanda ke karɓar irin wannan.

Ki kuma bambanta ɗan da ya faɗo da ɗan da ya fito. Wanda gashi ya rufe jikinsa, wutsiyarsa guntuwa, yana tsalle yana iya kama yatsa da ƙafarsa, lokacin fitarsa ne ya yi, iyayensa na ciyar da shi a waje. Shi ba a mayar da shi sheƙa, fitowa zai sake yi. A ɗora shi kan reshe mai duhuwa a kore kyanwa.

TAMBAYA: Maigidana ya kawo wata kwalba daga waje ta shayar da tsuntsaye ruwan sukari. Yaya ake haɗawa, kuma zai taimaki wadda ke kwanci a lambun gidan lokacin ruwa? Zuma ba ta fi sukari kyau ba?
Mai gadi, Ikoyi

AMSA: Sannu da aiki, Malam. Kwalbar don hamingbad aka ƙera ta, amma sha-kauci ma tana sha, da sharaɗin akwai wurin sauka. Hamingbad a iska take tsayawa cak ta sha, har baya-baya tana iya tashi. Tamu ta fi son ta dafe wani abu. In kwalbar ba ta da matsaya, ka ɗaura ɗan tsinke daf da bakinta.

Awo: farin sukari ɗaya, ruwa huɗu, da ma'auni guda. Ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya na sukari, huɗu na ruwa. A tafasa ruwan, a narkar da sukarin, a bari ya huce sarai. Abin da ya ragu ya zauna a firji, kada ya wuce mako. Zuma a'a: da an sirka ta da ruwa take fara tsami, tana kuma haifar da ƙwayoyin cuta da ke kama harshe da maƙogwaron tsuntsu. Haka ma mazarƙwaila, da sukarin masu ciwon suga, da kala, da lemon kwalba. Jan da ke jikin kwalbar ya isa ya jawo su.

A zafin Legas kullum ake zubar da na jiya a zuba sabo, a wanke kwalbar da ruwan zafi da ɗan buroshi har cikin ramukan. In ka ga ruwan ya gurɓace ko baƙin ɗigo ya fito, an makara. Wanda ba zai iya wannan hidima kullum ba, kada ya fara, kwalba mai datti ta fi babu illa. Ka rataye ta a inuwa, taku goma ko fiye daga sheƙar, domin tana tara wasu tsuntsaye da ƙudan zuma da kiyashi, mazan sha-kauci kuma mafaɗata ne a kan abinci.

Amfaninta ga mai kwanci na ranakun da ruwa ya wuni yana zuba ne, lokacin da ya wanke furanni. Ga 'ya'ya kuwa ba ta da wani amfani. A ra'ayinmu zogale ɗaya mai fure, da ayaba, da gwanda, da lambun da ba a yi masa feshi, sun fi kwalba goma.

TAMBAYA: Mai gidan da muke haya zai kawo masu feshin sauro, ga kiyashi sun fara bin igiyar da sheƙar ke jiki, ga kyanwar maƙwabta, ga yara da danƙo. Ta ina zan fara?
Wani magidanci, Alaba Rago

AMSA: Ta feshin, Alhaji, shi ne mai kisan farat ɗaya. Huhun tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba, maganin kuma yana kashe ƙwarin da ake ciyar da 'ya'yan. Ka roƙi mai gidan a ɗaga feshin tsakar gida zuwa lokacin da za su tashi, ka faɗa masa adadin kwanakin, ba za su wuce wata guda da 'yan kwanaki ba. In ya ƙi, a taƙaita shi ga ɗakuna da kwata, a bar bishiyar da kewayenta. Otapiyapiya kada ta kusanci wurin ko da wasa. Hayaƙin janareto da na kurfoti ma a juya su wani gefen.

Kiyashi da kwarkwasa sukan hau sama idan ruwa ya cika ramukansu, kuma suna iya cinye ɗan tsuntsu da ransa. A shafa man basilin ko girisi zobe guda mai faɗin yatsa uku a kan igiyar, kowane gefe, kamu ɗaya daga sheƙar don kada ya taɓa gashin uwar, a sabunta bayan kowane ruwa. In bishiya ce, a naɗa leda a gindinta a shafa man a kan ledar, a kuma duba ko wani reshe na taɓa katanga, don ta nan za su zagayo.

Kyanwa ta fi ɓarna a ranakun da 'ya'yan suka fito ba su ƙware da tashi ba. A kawar da durom, benci ko tulin katako da za ta taka ta yi tsalle, a nemi alfarmar maƙwabta su tsare ta kwana uku zuwa huɗu. Tsuntsun da ta riga ta kama, ko ba a ga jini ba, yana bukatar likitan dabbobi a ranar, saboda ƙwayoyin cutar da ke cikin yawunta. Shi ma hankaka yana lura da inda mutane ke yawan zuwa suna leƙe, don haka yawan dubawa da ɗaukar hoto da hasken waya nuna masa hanya ne.

Yara kuwa, tsawa ba ta cika aiki ba. Ka ba su labarin da ya zo a hadisi, na sahabban da suka ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Sannan ka naɗa babbansu sarkin gadi, ka ba shi takarda ya riƙa ƙirga sau nawa iyayen suka kawo abinci cikin awa guda. Wanda aka ba amana da wuya ya ɗauko danƙo.

TAMBAYA: Sheƙarmu ta tsallake ruwa lafiya, amma ɗa ɗaya ne a ciki, ya fi uwar girma nesa ba kusa ba, jikinsa da zane-zane, har ya yaga ƙofar. Wannan na lafiya ne?
Amarya, Ketu

AMSA: Lafiya lau, amarya, sai dai ba ɗanta ba ne. Akwai wani koren tsuntsu mai ƙyalli da farin ciki, daga dangin da Turawa ke kira kuku, wanda ba ya gina sheƙa. Macen ta kan faki idon sha-kauci ta saka ƙwanta ɗaya a ciki. Ɗan ya ƙyanƙyashe ya ture ƙwai ko 'ya'yan masu gida waje, su kuma su yi ta ciyar da shi har ya ninka su. Kada ki cire shi, 'ya'yan asalin sun riga sun tafi, cire shi ba zai dawo da su ba. In nauyinsa na neman tsinke sheƙar, ki ƙarfafa samanta da zare kamar yadda muka faɗa wa uwargidan Mile 12. Ki ɗauki hotonsa daga nesa, ki rubuta rana da unguwa, masu shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta suna tattara irin wannan bayani. Bayan ya fita ki bar sheƙar mako guda kafin ki taɓa reshen, wani lokaci uwar na dawowa ta kwashi kayan ginin ta yi sabuwa a kusa.